Littafin Man Fetur

A ƙauyenmu da ke bayan Vinhais
Akuya suke ce wa motar Baba,
don ranar da ƙanƙara ta rufe hanyar tudu
manyan motoci suka tsaya a ƙasa suna huci,
ita ta bi gefe, tana tari, ta haye.

Ƙofarta biyar in ka ƙirga ta baya,
wadda ake ɗagawa kamar murfin adaka.
Tun shekarar da ƙarfenta ya saki
ƙotar fartanya ke tokare ta.
Buhu shida na dankali sun shiga nan,
da tulun man zaitun, da keken ɗinkin Inna,
har ɗan maraƙi sau ɗaya,
warinsa bai fita ba sai da damina ta zagayo.

Injin ɗan mitsitsi ne, lita ɗaya ba ƙari.
In mun doshi hawa, Baba ya kashe rediyo,
ya mayar da giya ta biyu,
ya ce, "Ku yi shiru, tana tunani."
Ni da Baltazar a baya mu sunkuya gaba
wai muna taya ta.

Bara aka binne shi, Custódio mai gonar tudu.
Baltazar ya bugo daga Lyon:
"Benedita, sayar da ita. Tsatsa ce da taya huɗu."
Amadeu makanike ya zagaya ta sau biyu,
ya ƙwanƙwasa gindin ƙofa, garin ƙarfe ya zubo,
ya faɗi kuɗin da ko tayoyin ba su kai ba.
Na ce gobe.

Da yamma na shiga kwashe tarkace:
tabarau mai hannu ɗaya, igiya, alewa ta narke,
sai wani ɗan littafi da roba ta ɗaure.

Kwanan wata. Lita. Kilomita. Kuɗi.
Duk man da ya taɓa sha, shekara ashirin da bakwai,
da fensir, layi bisa layi.
A tsakiya kuɗin ma ya sauya suna,
eskudo ya koma yuro,
hannun bai sauya ba.

Mutumin da bai taɓa rubuta mini wasiƙa ba,
ga shi a gefen shafi, ƙanana ƙanana:
"Benedita, tashar bas, jami'a."
Lita ashirin. Ya cika tanki ranar,
shi da goma ce iyakarsa.
"Baltazar, filin jirgi. An yi ruwa."
Can gaba, "Asibitin Bragança, Ermelinda,"
na ƙirga, sau goma sha ɗaya a hunturu guda.
Na goma sha biyu bai sa sunanta ba.
Ya rubuta kilomita, ya rubuta lita,
ya bar gurbin kuɗi fari.

Daga nan layukan suka yi nisa da juna.
Wata biyu, lita biyar.
Ina zai je?

Na zauna har duhu ya cinye gilashi.
Kujerar ta lotsa daidai ƙugunsa,
ƙafata ba ta kai totur ba
sai da na ja ta gaba, ta yi ƙara, ta yarda.

Da safe ban bi ta garejin Amadeu ba.
Sau uku na murɗa makulli kafin ta amsa.
A gidan man da ke bakin gada
yarinyar ta tambaya, "A cika?"
Na ce goma.

Fensirin na nan cikin robar, ya gajarce.
Na rubuta kwanan wata a ƙarƙashin nasa,
rubutuna ya fi nasa girma, ya ci layi biyu.

Da muka doshi tudu
na miƙa hannu zan kashe rediyo,
ashe a kashe take.